Ranar da Kukar Tanko Ta Yi Ja

Bana ma ruwa ya yi nauyin zuwa. Lokacin shuka ya yi har yana neman wucewa, sama fes, iska sai zafi take kwasowa tana watsa wa mutane a fuska. Ina zaune a ɗakin aikinmu a Dungas, gumi na bin bayana, ina kallon ekran, wato fuskar na'urar aikina, ɗigo-ɗigon nan duk kore shar. Ni fa har gobe ba na son ganin kore a irin wannan lokaci. Wanda bai san abin da ya same mu a waccan shekara ta fari ba zai ce taɓin hankali ke damuna. To bari in faɗa, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Aikina tun wancan lokaci bai sake ba. Ƙungiyarmu ta kakkafa akwatunan rezo, wato layin telefon, a ƙauyuka, tun daga nan Dungas har bayan Mallawa, kowane a kan dogon ƙarfe, da farantinsa na hasken rana da batir ɗinsa. Wannan akwati ya miƙa magana ga na gaba, na gaba ya miƙa ga na gabansa, har ta isa inda za ta. Da haka mutumin ƙauye yake kiran ɗan'uwansa ba sai ya sayi kati ba. Ni kuma, da ɗan kolej ɗin da na taɓa, aka zaunar da ni gaban ordinatar, wato kwamfuta, in sa musu ido su duka. Kowane ƙauye ɗigo ne a kan taswira. In akwatinsa na aiki, ɗigon kore ne. In ya yi shiru sai ya koma ja, ni kuwa in gaya wa Mushe Abdu, wato Malam Abdu da Faransanci, shugaban aikin, ya tura mai gyara.

Yanzu an sa wa kowane ƙarfe abin da ke kwashe tsawa ya kai ta ƙasa, ba mai taɓa akwati ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. A da babu wannan. Daminar farko da aka kafa su, tsawa ta faɗa wa akwatin wani ƙauye ta ƙone shi ƙurmus, har da akuyar da ke ɗaure a gindin ƙarfen. Daga ranar mutane suka yanke wa kansu hukunci. Da hadari ya haɗu an ji yayyafin farko, mai kula da akwati zai ruga ya zare waya, ba a maida ta sai ruwa ya ɗauke. Mushe Abdu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

"Kuna ɓata mini aiki!" in ji shi. "Ja ba ruwa ba ne. Ja na nufin akwati ya yi shiru, iyakarta ke nan. Ko batir ya mutu, ko iska ta karya ƙarfe, ko ɓarawo ne, ekran bai sani ba."

Wa ya saurare shi? Ni kaina ban saurare shi ba. Da damina, in ƙauye ya yi ja an yi ruwa a can, kowa a Dungas ya san haka, har tsofaffin da ba su san ta inda ake kunna telefon ba.

Shekarar da nake magana, tun kakar da ta gabace ta ba a sami abin kirki ba. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Sai ruwa ya sauko da wuri, mai yawa kuwa, kowa ya fita da sungumi yana murna. Gero ya tsiro ya yi kunne biyu, sai sama ta rufe bakinta. Muna gani shuka ta kwanta, ta yi fari, iska ta binne ta da rairayi. Masu sauran iri suka sake, suka yi binne a busasshiyar ƙasa suna jiran Allah. Ɓeraye da tsuntsaye suka tone shi tas.

Ƙauyenmu Kukar Tanko, can gabas da Mallawa. Mahaifinmu ya rasu da daɗewa. Ƙanena Sani ya tafi cin rani Najeriya, wayarsa ta daina shiga, ba shi ba labarinsa. Gida ya rage daga Inna sai matarsa Rabi da tsohon ciki da yaranta ƙanana. Na je duba su wata Juma'a, na tarar suna jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, a tukunya suna sake mata ruwa don ɗacin ya fita. Da zan tafi, Inna ta ja ni ɗaka. Ni ce ƴarta ta fari, tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Ke, zo ki kama mini nan."

Ta janye tabarma, ta tone ƙasa da hannu, ta ciro ƙaramin bido, irin jarkar roba ɗin nan, an toshe bakinsa da tsumma an ɗaure. Na san shi. Irin geronmu ne, wanda take zaɓar zangarniyarsa da hannunta kowace kaka, ta sussuke, ta cuɗe da toka. Daga surukarta ta gaje shi, ba mu taɓa sayen iri a kasuwa ba. Shuka biyu ta cinye mafi yawansa, wannan ne ya rage.

"Tafi da shi Dungas," in ji ta. "In ya kwana a gidan nan, yaran nan za su yi kuka in daka shi. Na san zuciyata. Ke ce mai ganin inda aka yi ruwa. Ranar da garinmu ya yi ja a abin naki, ki ɗauko shi ki taho. Kafin nan, ko ni na kira ki ina kuka, kar ki kawo. Ki ce wallahi."

"Haba Inna, sai na rantse?"

"Ki ce."

Na ce wallahi. Na goya bidon a baya, na yafa zane a kai don kar a gani, na hau taksin Mallawa.

A Dungas ma ba daɗi muke ji ba. Kowace ranar kasuwa tiyar gero sai ta ƙara tsada, har muka daina tambaya. Mijina Lawali ɗan kabu-kabu ne, to wa ke hawa moto, wato babur, alhali bai ci ba? Ya wuni a bakin tasha ya dawo da ƙura kawai. Muka koma ci sau ɗaya, garin rogo da ruwa da gishiri, wata rana dusa da ganyen yaɗiya. Ƴata Nana ta daina wasa, sai ta kwanta a gindin randa inda ƙasa ke da ɗan sanyi. Zafi kuwa ba a magana. In ka taka ƙasa da azahar sai ka ji har cikin kai, ruwan randa kansa ɗumi yake. Kuma duk wannan, ga bido a ƙarƙashin gado, kowa a gidan ya san yana nan.

Wata rana Lawali ya zauna bakin gado yana ta girgiza ƙafa, diddigensa na bugun bidon.

"Zuwaira, gero fa gero ne. Toka ce kawai, a wanke ta."

"Baban Nana, ɗauke ƙafarka daga nan."

"Tiya guda. In ruwa ya zo in sayo miki wani."

"Da me? Da ƙurar da kake kawowa?"

Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, ni ma ta yi mini. Amma na tashi na jawo bidon na sa shi a cikin akwatin kayana, na kulle, na ɗaura makullin a ƙugu. Kwana da kwanaki ba ya yi mini magana sai ta kama dole.

Ɗakin aikinmu kuwa ya zama dandali. Tun da safe tsofaffi za su jeru a bakin taga, kowa da ƙauyen da ke ransa. "Ƴar nan, ina ya yi ja?" Sai in ce babu, Baba, duk kore ne. Su yi tsaki su koma inuwa, can kuma su dawo. Mushe Abdu ya kore su ya gaji, ƙarshe shi ma kujera ya jawo ya zauna a bayana, don shi ma yana da uwa a wajen Waca. An fita roƙon ruwa, maza sun juya riguna, yara sun yi ta kuka a fili da rana. Hadari ya kan taso da la'asar baƙi ƙirin, mu miƙe tsaye idonmu a ekran, sai iska ta zo ta watsa shi. In an yi sa'a wani ƙauye guda ya yi ja, na kusa da shi ko ɗigon ruwa bai samu ba. Haka ruwan shekarar yake, ya jiƙa gonar wannan ya tsallake ta maƙwabcinsa.

Ana cikin haka Rabi ta haihu, namiji. Aka yi suna ba rago, ban ma samu zuwa ba. Bayan ƴan kwanaki telefon ɗina ya yi ƙara, na ga lambar Malam Idi, ladanin garinmu. Ƙarfen rezo a jikin masallaci yake, shi aka ba kula da akwatin tun da kullum yana wurin. Na ɗauka, sai muryar Inna.

Muka gaisa, ta tambayi Nana, ta tambayi zafi. Sannan ta ce:

"Ke. Abin nan da na ba ki. Ko za ki ɗan ɗebo kaɗan?"

Idona na kan ɗigon Kukar Tanko, kore shar.

"Inna, ke fa kika sa na rantse."

"Haka ne."

"Lafiya dai? Mai jego fa?"

"Da sauƙi. Na sa ki rantse, haka ne. Riƙe shi."

Ta kashe. Na zauna ina jin haushinta, wallahi haushi na ji. Ta ɗora mini kaya, ina fama da miji ina fama da ƴa a kansa, sannan ita ce za ta fara sassautowa? Na aika musu da ɗan garin rogon da na iya ragewa ta hannun direban taksi. Abin da nake da shi ke nan.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana ta fara cizo. Na sunkuya ina shan ruwa, sai wani tsoho a bakin taga ya ƙwala ihu.

"Ja! Ga ja can!"

Na ɗago. Can gefen gabas, ɗigo guda ya yi ja wur. Na matsa har hancina na taɓa ekran. Kukar Tanko ce. Mutane suka hau kabbara, wata mata ta rangaɗa guɗa. Na kira Malam Idi, ba ta shiga, to dama yaya za ta shiga an zare waya? Na kira ƙauyen da ke kusa da su, aka ce su dai ba su ga komai ba, amma akwai ɗan duhu ta gabas. Mushe Abdu ya ce, "Madam Zuwaira, bari mu jira mu gani. Hadari da hantsi?" Ko waiwayarsa ban yi ba. Ƙasar rairayi ba ta jiran kowa, in ba ka shuka a danshin yau ba, gobe ta bushe.

Na ruga tasha ba mayafi sosai. Lawali ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya tada moto. Ya ari mai a wurin abokinsa, muka biya gida na goya bidon, muka kama hanya.

Tun daga Mallawa nake buɗe hanci ina neman ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu. Gonaki shimfiɗe fari fat, shanu kwance a gindin gawo ƙasusuwa a waje. Na ce a raina sai mun matsa. Muka matsa. Moto ta fara nutsewa a rairayi tana wutsil-wutsil, Lawali na sa ƙafa yana turawa.

"Zuwaira," in ji shi, "rairayin nan bai ga ruwa ba. Da ya sha, da ba mu nutse ba."

"Ka dai tuƙa. Ta bayan gari zai yi."

Har muka hango kukar garinmu ina cewa ta bayan gari zai yi. Muka shiga, ƙura na bin mu. Ko tabon ɗigo babu a ƙasa. A bakin masallaci na ce ya tsaya. Ga waya na reto a jikin ƙarfe, ga Malam Idi zaune a ƙasa yana jan carbi, ya ƙi ɗago kai.

"Malam, wa ya zare wayar nan? Ina ruwan?"

"Ƴata, ba ni na zare ba. Innarki ce ta ce in zare, na ce ba zan yi wa mutane ƙaryar ruwa ba. Na shiga alwala, na fito na tarar da ita haka." Ya ci gaba da jan carbinsa. "Ban dai maida ba. Je ki gida."

Ban san yadda na kai ƙofar gidanmu ba. Abin da na fara gani shi ne turmi. An wanke shi an jingine, taɓarya a gefensa, an hura wuta, ga tukunya a kai, ruwa na tafasa. Inna na zaune a kan kujera ƴar tsugunno, hannu biyu a kan gwiwa, tana jirana.

"Inna! Ƙarya kika yi mini?"

"Ban buɗe baki ba."

"Kin san abin da na sha a kan bidon nan? Ƴata na kwana da yunwa yana ƙarƙashin gadona! Na yi faɗa da mijina! Ke kika ce ko kina kuka, ke kika ce!"

Ina ihu ina kuka, maƙwabta na leƙe ta kan danga, ban damu ba. Na kwance bidon na dire shi a ƙasa na zauna a kai. Na ce wallahi ba mai taɓa shi, yadda na zo da shi haka zan koma da shi. In aka ci wannan, me za a ci baɗi? Wa zai ba mu iri a shekarar da kowa ya shuka sau biyu?

Inna ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kin cika alkawari. Garinmu ya yi ja, kin kawo. Babu rantsuwa a kanki yanzu. Shiga ki gaida mai jego."

Na ƙi tashi. Sai na ji wani ɗan sauti daga ɗaka, siriri, kamar na ɗan kyanwa. Na ɗauka kyanwar ce ma. Ya sake. Na tashi na ɗaga labule.

Rabi na kwance a tabarma, ba don idanunta ba da ban gane ta ba. Yarinyar da ake tsokana da kumatu, duk sun zube. Jaririn na manne a ƙirjinta yana tsotso, ya saki ya buɗe baki zai yi kuka, muryar ba ta fita, ya sake kamawa. Maɗigar kansa ta faɗa ciki. Rabi ta dube ni ta ce, "Yaya, sannu da hanya," sai hawaye. Ta matsa nonon ta nuna mini. Babu komai. Mace ta haihu, ko kunun kanwa ba ta sha ba, anza da garin rogo ne za su kawo nono?

Na fito. Lawali na tsaye a bakin zaure ya juya mana baya. Na durƙusa gaban bidon, igiyar ta ƙi kwantuwa, na sa haƙori. Da hannuna na zuba shi a ƙwarya, da hannuna na wanke tokar, ruwan ya yi baƙi na zubar na sake. Ƙwayar manya-manya, kowace an zaɓe ta. Inna ta ɗauki taɓarya, na ce kawo, ba ki da ƙarfi. Ina daka ina kuka ina zagin shekarar, ina zagin Sani duk inda yake, Allah ya yafe mini.

"Tiya guda kawai," na ce. "Sauran a rufe."

"To," in ji Inna.

Tiya guda! Ka buɗe hatsi a gidan da yara ke kallonka? Nono ya kawo bayan kwana biyu, to sai a daina ba uwar kunu ya sake ɗaukewa? Ga yayyen jaririn tsaye a kan tukunya. Na koma Dungas na bar bidon a can, har da ɗan ƙulli Inna ta ba ni na kai wa Nana. Malam Idi ya maida waya, Kukar Tanko ta koma kore. Ta daɗe a kore. Kullum in na kira sai in ce, "Inna, saura nawa?" ta ce da saura. Ranar da ta ce, "Bar tambaya," na gane.

Sai ga ruwa. Wata la'asar iska ta juya, ta taho da sanyi da ƙanshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ci ƙasa. Ina zaune na ga ɗigon can ƙarshen gabas ya yi ja, na kusa da shi ya bi, sai Kukar Tanko, sai Mallawa, ja na tahowa yana cin taswira har ya iso kanmu, kwanon ɗakin ya ɗauki ruri. Tsofaffi suka fita cikin ruwa da rigunansu suna kabbara. Wani ya leƙo ta taga yana dariya, ruwa na zuba daga gemunsa. "Ƴar nan, garinku ya yi ja! Na gaske kuwa!" Na ce masa na gani, Baba. Na kifa kaina a kan tebur.

Washegari da sassafe Lawali ya kai ni, ko da yake ba abin da zan kai. Moto ba ta nutse ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya ɓoye ɗan iri ya fito da shi, gonaki cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zubawa suna rufewa da diddige. Tamu kawai ce shiru. Na tarar da Inna a bakinta, da jaririn goye, yana tsala kuka da ƙarfinsa har ana ji daga hanya. Ta tura hannu cikin ƙasa har ya wuce wuyan hannu, ta ciro, ta dunƙula, ƙasar ta kama.

"Ruwan shuka ne," in ji ta. Ta kwance goyon ta miƙo mini. "Riƙe shi."

"Ina za ki?"

"Bayan masu shuka. Wanda ya zube a kan ƙasa ai tsuntsu ne zai ci."

Na tsaya da yaro a hannu ina kallon uwata, matar da mutane ke zuwa roƙon iri a wurinta, tana bin gonakin mutane a sunkuye tana tsintar gero ƙwaya-ƙwaya. Wasu da suka gane abin da take yi suka riƙa sakin hannu da gangan, ba su dube ta ba, ita ma ba ta dube su ba. Sai da rana ta karkata ta dawo, da ɗan ƙulli a bakin zane, bai cika tafin hannu ba.

Na ba Lawali yaron, na ɗauki sungumin Sani. Ina sara tana zubawa, ƙwaya uku-uku, tana rufewa a hankali. Muka kai ƙarshen layin farko muka juyo. Muna tsakiyar na biyu na ji ta tsaya. Na ci gaba da sara, rami bayan rami, don ba na son in waiwaya.

"Ke," in ji Inna. "Ya isa. Ya ƙare."